“Benchmark” da Hausa: ni dai a kan “awon ƙwazo” na tsaya

1/ Jama'a, ina rubuta wa ɗalibaina bayanin fio, manhajar nan ta kyauta da Jens Axboe ya rubuta don auna ma'ajiyar kwamfuta, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: “benchmark”.

2/ Wani abokin aiki ya ce a sa “gwaji” a wuce wurin. Gwaji ya yi faɗi. Mai gyaran waya da ya jona caja don ya ga ko za ta kawo wuta, gwaji ya yi. Aikin fio ya fi kama da na mai awo a kasuwar hatsi: mudu ɗaya ake sa wa buhun kowa. Ka ɗora wa SSD biyu (wani nau'in faifan ajiya na kwamfuta) kaya iri ɗaya, a yanayi ɗaya, sannan ka kwatanta. Saboda haka “awo” ya zauna.

3/ To awon me? Da farko “awon gudu” na rubuta, daga baya na goge. Gudu shi ne lambar da ake bugawa a jikin kwali: SSD mai mahaɗin SATA wajen megabait 550 a daƙiƙa, nau'in NVMe mai mahaɗin PCIe 4.0 kusan 7,000. Amma wannan sai babban fayil da ake karantawa a jere. Ka watsa wa SSD ƙananan gutsattsari masu kilobait 4 nan da can, sai magana ta koma aika nawa take cikawa a daƙiƙa, da jinkirin da take yi kafin ta amsa.

4/ Akwai kuma juriya. Na taɓa barin wata SSD tana rubutu ba tsayawa, ina zaune ina kallon allo. Ta fara da ƙarfinta, amma da ɗan wurin ajiyarta mai sauri ya cika, lambar ta zube ƙasa da rabi, ba ta sake tashi ba. Kalmar “gudu” ba ta ɗauke wannan ba. “Ƙwazo” kuwa ya haɗa sauri, da saurin amsawa, da jure aiki.

5/ Kuma tana shiga jimla lafiya lau: “Na auna ƙwazon faifan.” “Awon ƙwazon nan bai inganta ba, ka manta direct=1, RAM ka auna.” (direct=1 shi ne umarnin da ke sa fio ta tafi faifai kai tsaye, ba ta tsaya a RAM ba, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta.)

6/ Saura IOPS, wato adadin karatu ko rubutun da faifai ke cikawa a daƙiƙa ɗaya. “Aika a daƙiƙa” nake sawa yanzu. Mai wadda ta fi ta, don Allah ya kawo kafin in buga wa yara takardar.