Matan zumunta na coci, yaya kuka yi da ziyara a lokacin kullen korona?

Ma'ajin zumunta, Kaduna:
Salama 'yan'uwa mata. Jiya ina kwashe tarkace a ƙarƙashin gado sai na ci karo da tsohon littafina na 2020, wanda nake rubuta baiko da kuɗin wata a ciki. Na buɗe na ga daga ƙarshen Maris rubutu ya tsaya cak, mitin ɗinmu na ƙarshe mata 43 suka sa hannu, daga nan shafi fari fat sai tsakiyar Yuni. Mu nan Kaduna 26 ga Maris aka rufe mu, bayan kwana biyu aka ce gwamna El-Rufa'i ma ya kamu, sai da muka yi kwana 75 kafin a sassauta, da aka buɗe ɗin ma sujadar awa ɗaya aka ba mu. To a can bayan littafin na ga rubutuna da fensir, sunayen gwauraye 11, kowace da mudun da aka kai mata da wadda ta kai. Guda biyu babu komai a gaban sunansu. Tun jiya nake ta juya abin a raina, me ya hana a kai wa biyun nan, na kasa tunawa. Shi ne na ce bari in tambaye ku, ku yaya kuka yi? Don aikin zumunta ai da ƙafa ake yinsa, gidan haihuwa, gidan rasuwa, asibiti, to da aka ɗaure mana ƙafar fa?

Maman 'yan biyu, Bukuru:
Kai mama kin tuna min. Mu a Filato kullen ya faɗo mana daidai Jumma'a Mai Kyau, 10 ga Afrilu, wai za a yi feshin magani. Wata biyu muna koyon waƙoƙin Ista, an ɗinka sabon zani, an ma gyara tulun kiɗan da ya tsage, duk a banza. Ranar Lahadin na tashi da asuba na ji gari tsit, ko ƙararrawa babu, sai kawai na yi wanka na ɗaura zanin zumunta na da kallabi kamar mai zuwa coci, maigida yana kallona yana cewa ina zuwa kuma? Na ce tsakar gida. Na ɗauko jarkar ruwa da ba komai ciki na fara bugawa ina waƙa, yara suna min dariya, kafin in gama baiti na biyu sai na ji murya daga bayan katanga tana amsawa, ashe maƙwabciyata ce 'yar Katolika, mu 'yan ɗarikar COCIN ne, ba mu taɓa waƙa tare ba sai ranar. Can gaba wata ta ɗauka da murfin tukunya. Ban ga fuskar kowa ba amma mun yi kusan awa.

Ta wajen abinci kuwa raba kanmu muka yi unguwa-unguwa, mata biyar biyar. Duk wadda za ta ɗora tukunya sai ta ɗebi hannu ɗaya na abin da za ta dafa ta zuba a wata roba, shinkafa ce, acca ce, masarar gwate ce, ranar da aka buɗe gari a fita cefane sai shugabar rukuni ta bi ta tattara. Ba yawa, amma ya riƙe tsofaffinmu. Abin da ya ƙona min rai sai a watan Oktoba da aka fasa rumbun kayan tallafi nan Bukuru, na tsaya bakin titi ina ganin buhuna a kan mutane kamar tururuwa, na ce ashe abinci yana nan kusa da mu muna ta auna hannu ɗaya.

Tela, Kafanchan:
Ni dai keken ɗinki ne ya zama hidimata. Da aka ce dole kowa ya sa takunkumi, na kanti ya yi tsada, sai muka ce mu huɗu masu keke a zumunta mu ɗinka. Yadin fa? Babu kuɗi. Wata ta ce ai kowa tana da tsohon zanin zumunta na shekarun baya a akwati, nan fa rigima ta tashi a waya, wasu iyayenmu suka ce haba, zanin da ke da aya a jiki za a yanka a rufe hanci da shi? Kwana uku ana jayayya sai matar fasto ta aiko min nata guda biyu a leda ba ta ce komai ba. Washegari zannuwa suka cika min shago. Mun ɗinka sama da 300, mun raba wa 'yan acaɓa da masu tura ruwa, har yanzu in na tuna wani ɗan acaɓa Musulmi da na gani da rabin aya a kumatu sai in yi dariya. Fasto ya riƙa kiranmu 'ya'yan Dokas, matar nan mai ɗinka riguna a Littafi Mai Tsarki.

Gwauruwa, Sabon Gari Kano:
'Yan'uwa ku yi haƙuri nawa labarin ba mai daɗi ba ne, amma tunda an ce kowa ta faɗi nata zan faɗa. Maigidana ya rasu ƙarshen Afrilu, lokacin nan da ake ta mutuwa a Kano har shugaba Buhari ya sa aka rufe jihar gaba ɗaya. Da ma yana da sukari da hawan jini. Numfashi ya fara yi masa wuya da dare, muka je asibiti biyu ba su karɓe mu ba, na uku suka ba mu benci, a kan bencin ya cika. Ba a gwada shi ba, har yau in an tambaye ni me ya kashe shi sai in ce lokaci ne. Ba halin kai shi gida ƙauye don an rufe hanyoyin jiha zuwa jiha, a nan aka binne shi, mu takwas har da fasto.

Shekara 19 ina zumunta. Babu gidan rasuwar da ban kwana ba, ni ce mai hura wuta, ni ce mai wanke tukwane, kun san yadda muke yi, a shimfiɗa tabarma a kewaye mai makoki a yi ta waƙa har ta samu barci. Ranar tawa ba wadda ta zo. Waya dai ta yi ta ƙara, sannu, Allah ya ba da haƙuri, muna addu'a, amma waya ba ta riƙe hannu. Na kwana ni da yara uku da takalminsa a bakin ƙofa. Wadda ta ciyar da mu maƙwabciyata ce Hajiya, suna cikin azumi, kullum in an sha ruwa sai ta miƙo kunu da ƙosai ta kan katanga, ta ce Maman yara ki daure ki sa wani abu a cikinki. Sai a kwana na biyar wata tsohuwar mamanmu ta zumunta, ta haura 70, ta tako da ƙafa ta bi lungu-lungu don kada jami'an tsaro su gan ta, ta tsaya bakin get ba ta shigo ba, ta yi min waƙa baiti ɗaya da muryarta mai rawa ta juya. A ranar na fara kuka na gaske. Na yafe, Allah ya sani, amma sai da na shekara ban ɗaura zanin nan ba.

Uwar zumunta, Zariya:
'Yata, ba a cocinku nake ba amma na karanta naki jikina ya mutu, don ni ma na yi abin da aka yi miki. Wata 'yarmu ta rasa ɗanta a watan Mayu, gidanta ba nisa, ina iya zuwa. Na sa takalmi na cire sau biyu. Baba yana da asma, yara suna ta waya daga Abuja suna cewa Mama in kika fita kika kwaso masa ke kika sani. Na tura kuɗi na ce ai ya wadatar, na kuma fake da cewa doka ce. Doka ce kam, amma ranar kasuwa ai na fita sayen manja. Daga baya na je na durƙusa mata, ta ce ba komai Mama, amma ni na san da komai. Ki yi haƙuri a madadin dukanmu masu tsoro.

Gwauruwa, Sabon Gari Kano:
Na gode Mama. Kin sa ni hawaye. Ko tsayuwar bakin get ɗin nan da mutum uku sun yi ta da ya ishe ni.

Manomiya, Zangon Kataf:
Ni fa gaskiya ku 'yan birni ne kuka yi korona. Mu a ƙauye ba mu ga wanda ta kama ba, muna cewa ciwon masu hawa jirgi ne. Coci dai an rufe don kada a kama fasto, amma zumunta ba mu fasa ba, a gona muke yi, ranar gayya in an huta ƙarƙashin ɗorawa sai a yi addu'a a karanta Zabura 91 a koma aiki, wa zai zo ya ƙirga mu a can. Ibraniyawa 10:25 ta ce kada a bar taruwa. Abin da ya same mu daban ne, damina ta 2020 hare-hare suka yi yawa, aka ɗora mana dokar hana fita ta awa 24 a kan ta korona, kulle biyu ke nan. Mutane suka gudo Zonkwa cike da makaranta, mata da yara a aji ɗaya, ki je ki ce musu su ba da tazara? Matan zumunta na coci daban-daban muka raba kwana, yau ku gobe mu, a dafa a manyan tukwane, a wanke wa masu jego. Takunkumi kam a wuya yake rataye.

Nas, Gombe:
Yaya manomiya na ji naki kuma Allah ya kawo ƙarshen abin da kuke gani, amma don Allah kada mu ce babu ciwon, ni da idona na gani. Na ga mutum yana jan iska kamar wanda aka danne a ruwa, na ga abokin aikina ya kwanta sati uku. Ƙauye Allah ya rufa asiri ne, ga iska ga fili, ba kuma gwaji ake yi ba balle a sani.

Abin da ya fi min ciwo ba a wurin aiki ba ne, a coci ne. Da aka buɗe na je da murna ta, na wanke hannu a bokiti mai famfo, aka auna min zafi a goshi, na zauna a bencin zumunta sai na ga mata suna zamewa ɗaya bayan ɗaya har benci ya zama nawa ni kaɗai. Wata ma ta ja 'yarta. Ban yi fushi sosai ba don na san tsoro ne, amma waɗannan matan su ne ke kirana ƙarfe biyun dare, Anti nas jikin yaro ya yi zafi me zan ba shi. A kullen nan wayata ta zama asibiti, har haihuwa na karɓa a ɗakin wata da tocilan don ba abin hawa. Da allurar AstraZeneca ta iso Maris 2021 mu ma'aikatan lafiya aka fara yi wa, sai ga saƙonni a WhatsApp wai lambar 666 ce ta magabcin Kristi, wai duk wadda ta yi ba za ta ƙara haihuwa ba. Ranar mitin na tashi na naɗe hannun riga na nuna musu wurin, na ce ga ni nan ku yi ta kallona. Bayan shekara na haifi autana, su suka zo suka yi min wankan jego, ba wadda ta ƙara ta da zancen.

Magatakarda, Yola:
Mu WhatsApp muka koma, kowace Laraba ƙarfe huɗu a tura waƙa da aya da murya. Ya yi daɗi wata ɗaya, sai muka lura mu ƙanana ne kawai muke ta amin amin, iyayenmu masu ƙaramar waya da waɗanda ba su iya karatu ba an bar su a baya, su ne kuma suka kafa zumuntar. Sai aka ba kowace mai babbar waya tsohuwa ɗaya, ki kira ta ki karanta mata ayar ki yi addu'a da ita, katin daga asusu. Tawa ba ta ji sosai, sai in yi ta ihu a waya maƙwabta suna jin wa'azi kyauta. Har ta koma ga Ubangiji bara ba mu fasa wayar Laraba ba.

'Yar Maradi:
Sannunku iyaye. Mu a Nijar masallatai da majami'u duka aka rufe, sai cikin watan Mayu aka buɗe. Da ma mu kaɗan ne, kowa ta san gidan kowa, to sai muka riƙa haɗuwa bibbiyu wajen famfo kamar masu ɗibar ruwa, a yi addu'a a tsaye da bokiti a kai. Wahalarmu iyaka ce, tun Agusta 2019 Najeriya ta rufe ta, korona ta zo ta ƙara, matanmu masu saro kaya daga Katsina da Kano jari ya karye, adashen zumunta ma sai da muka dakatar da shi wata huɗu.

Ma'ajin zumunta, Kaduna:
Na gode 'yan'uwa, ban zaci abin zai kai haka ba. Mamanmu ta Kano, tun da na karanta naki na kasa zama, na kira wadda take magatakarda a lokacin muka bi sunayen nan biyu. Ta farko ashe ta tafi ƙauye wurin ɗanta tun kafin a rufe gari, wannan ba laifi. Ta biyun ce. Gidanta can bayan layin dogo, ba ta da waya, ni na ɗauka rukunin magatakarda ne za su kai mata, ita kuma ta ɗauka namu ne, haka kwana 75 suka wuce. Da aka buɗe coci ta dawo ta zauna a wurinta na kullum kusa da taga, ba ta taɓa ce mana komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Tana nan da rai, ƙafa ce dai ta hana ta zuwa yanzu. Asabar za mu je ni da magatakarda, na auna mudu huɗu na shinkafa, littafin ma zan tafi da shi.