Baba ne ya ɗora ni a kan doki, yanzu wani Alhaji yana kirana. In na tafi na yi butulci?

Mahayi daga Jega ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'abota doki. Wata magana ce ta hana ni barci sati biyu ke nan, kuma ba na son tayar da ita a gari, don duk wanda zan faɗa wa ya san Baba.

Baba ba mahaifina ba ne, shi ne mai horar da dawakin da nake hawa. Ina da shekara 11 mahaifiyata ta damƙa ni a hannunsa. Shekara biyu cur ban hau doki ba, sai kwasar kashi, da yankan ciyawa a fadama, da jiƙa dusa da kanwa. Ranar da ya fara ɗora ni, a kan wata tsohuwar goɗiya ce, babu sirdi. Ya ce sai na iya riƙe ta da cinyoyina kafin a yi zancen likkafa. Shi ya koya mini shafa ƙafafun doki da bayan hannu da asuba don jin inda ya yi zafi, da hana doki ruwa bayan sukuwa har sai ya huce, da danne shi kada ya ƙone ƙarfinsa tun kafin kwanar ƙarshe.

Shekara huɗu da suka wuce, a sukuwar bayan Sallah, majanyi ya tsinke mini ana tsakiyar gudu. Sirdi ya juya, na faɗi, ƙafata ta hagu ta karye. Baba ne ya kai ni wurin maɗori, na yi wata uku kwance a zaurensa, matarsa Inna tana dama mini kunu safe da yamma. Sai daga baya na ji a bakin wani cewa ragon layyarsa ya sayar a kaina. Har yau bai taɓa faɗa mini ba.

Yanzu shekarata 24. Dawakin bargar Baba sun koma biyu, masu su sun janye saura saboda tsadar gero da harawa. Sai ga wani Alhaji daga wajen Sakkwato ya aiko mini: dawakai tara, har da 'yan Sudan, albashi kowane wata, ɗaki da babur. Ni kuma an sa mini rana bayan babbar Sallah, ban haɗa ko rabin lefe ba.

Akwai kuma abin da ke cina. Bara, saura kwana uku tsere, Baba ya sauke ni daga kan Danda ya ɗora wani ƙaramin yaro, ya ce na yi nauyi. Wata bakwai ni nake fita kilisa da dokin nan kullum. Danda ya zo na ɗaya, aka ɗaga yaron sama, ni ina riƙe da bokitin ruwa. Ban ce komai ba, amma abin bai fita raina ba.

To, in na tafi, butulci ne? In kuma na zauna, da me zan riƙe 'yar mutane?

Tsohon ɗan barga, Argungu:

Wa alaikumus salam yaro. Ni na yi shekara talatin da ɗori cikin barga, kuma na ga irinka da yawa. Waɗanda sunka tahi ba dukansu ne butulai ba, waɗanda sunka zauna ma ba dukansu ne 'yan halas ba. Akwai wanda ya zauna shekara ashirin shina zagin ubangidanai a zuci, shina rage ma doki hatsi. Wanga ya hi wanda ya tahi cutarwa.

Abin da munka ɗauka butulci a zamaninmu guda ne: mutum ya ji labarin tahiyar yaronai a bakin kasuwa. Ko ya gan ka bagatatan a hilin sukuwa bisa dokin wani, sanye da rigar wani. Wanga ciwo ba ya warkewa. Ka nemi kawunka ko limamin unguwarku, ku tahi bayan la'asar, ka cire takalmi ka durƙusa, ka ce "Baba, ga abin da anka zo mini da shi, me ka gani?" Kada ka je mishi da maganar da ka riga ka yanke. Annabi (SAW) ya ce wanda bai gode ma mutane ba bai gode ma Allah ba.

Kuma abu guda: sirrin bargarai ka bar shi nan. Ka san wane doki ka jin tsoron cunkoso, ka san wane ka ɗingishi in ƙasa ta yi tauri. Ranar da kunka haɗu a hili, kada ka sayar da wanga sani.

Mai doki, Birnin Kebbi:

Ƙanena, bari in yi maka magana ta ɓangarenmu masu ajiye doki a hannun wasu. Zancen Danda, kada ka yi saurin ɗora wa Baba. Sau da yawa mu ne muke matsa wa mai horarwa. Ni da kaina na taɓa kiran wanda ke riƙe mini doki da dare na ce ko ya canza mahayi ko in aiko a kwance dokina da safe. Ya canza, ya kuma ɗauki laifin a kansa, yaron bai taɓa sanin daga wurina abin ya fito ba. Har yanzu ina jin nauyin wannan abu.

Game da Alhajin, kada babur ya rufe maka ido. Ka tambaye shi a gaban shaidu: in na faɗi na karye, wa zai yi jinyata? Albashi zai ci gaba ko zai tsaya? In an ci kyauta, nawa ne rabon mahayi? Sannan ka binciki yadda ya rabu da wanda za ka gada. Mai dawakai tara bai rasa mahayi haka kawai ba.

Ɗalibi mai bin tseren waje, Aliero:

Yayana, wannan matsala ba a nan kaɗai take ba. A Ingila akwai wani doki mai suna Frankel, na Yarima Khalid Abdullah ɗan Saudiyya. Ya fita tsere 14 tsakanin 2010 da 2012, ya cinye duka. Mai horar da shi, Henry Cecil, mahayi ɗaya ya ɗora masa a duka 14 ɗin, Tom Queally, alhali ga manyan mahaya da suka fi shi suna. A 2011 a filin Ascot, Queally ya saki dokin da wuri, da ƙyar ya tsira da nasarar, aka yi ta sukarsa. Cecil bai sauke shi ba. A lokacin ma yana fama da ciwon daji, ya rasu a 2013.

Wanda ya fi kama da naka shi ne Frankie Dettori, ɗan Italiya. Mai horar da dawaki John Gosden ya riƙe shi tun yana matashi, daga baya ya koma bargar Godolphin ta masu mulkin Dubai, inda ya yi shekara 18. A 2012 suka rabu, kuma aka dakatar da shi wata shida bayan gwaji a Faransa ya nuna hodar iblis a jikinsa. Da ya dawo, kasuwarsa ta faɗi. A 2015 Gosden ya sake jawo shi, a shekarar ya ci babban tseren Derby a kan Golden Horn, sannan ya ci babban tseren Arc na Faransa a 2017 da 2018 a kan goɗiya Enable. Duk da haka a 2022 sai da suka sami saɓani, Gosden ya jingine shi na ɗan lokaci, suka kuma shirya.

Abin da nake so ka duba, da Dettori ya bar gidan Gosden da faɗa, da babu inda zai koma ranar da duniya ta juya masa baya.

'Yar mai horar da dawaki, Gusau:

Ni ba na hawa, amma a gidan doki na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya raini yara sun fi goma, kusan duk sun tafi. Bai taɓa riƙe kowa ba. Amma akwai ɗaya da kowace Sallah sai ya zo da turmin atamfa na Mama da buhun gero na dawaki, ya cire babbar riga ya shiga barga ya yi shara kamar jiya ya bari. Da ciwo ya kwantar da Baba, shi ya zo ya yi sati yana fita da dawakin kilisa. Sunansa Baba ya fi kira a kwanakinsa na ƙarshe.

Kada ka manta da Inna. Maza kan sallami juna a zaure su manta da wadda ta dama kunun. Ka shiga ciki ka yi mata sallama ta daban.

Mahayi daga Jega ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar muka je da kawuna. Mun tarar da Baba a turke ya ɗaga kofaton Danda yana ƙwaƙule tsakuwa. Kawu ya yi bayani, ni ina durƙushe. Bai ɗago ba sai da ya gama ƙafa huɗun.

Ashe ya sani tun tuni. Yaron Alhajin ya biyo ta wurinsa yana tambayar halina kafin ma a aiko mini, kuma shi ya ce musu ba na cin amanar hatsi. Ya ce yana jira ne ya ga ta ina zan ɓullo.

Na yi ƙarfin hali na tambaye shi zancen Danda. Mai doki na Birnin Kebbi, ba mai Danda ba ne ya matsa masa, Baba ne da kansa ya yanke. Ya ce na ƙara kilo shida, dokin kuma yana da rauni a ƙafar gaba ta dama, in ya ɗauke ni a wannan tazara zai iya lalacewa. Ya ce ko gobe haka zai yi. Na ji zafi, amma ni ma na san ƙafar, ni nake shafa ta kullum.

Ya amince in tafi, da sharaɗi biyu. In tsaya har bayan sukuwar ƙaramar Sallah in ƙarasa koya wa yaron nan yadda ake danne doki a kwana. Sannan shi zai kira Alhajin da bakinsa a kan zancen jinya, in amsar ba ta kwanta masa ba, ba inda za ni.

Na shiga wurin Inna, ba ta bari na gama magana ba ta fara kuka, ta ce in kawo mata amaryar ta gani tukuna. Baba ya kira Alhajin sau biyu da daddare bai ɗauka ba. Ya ce zai sake gwadawa yau bayan Juma'a.