Surukata ta ce in riƙa bai wa jaririyata ruwa saboda zafi

Assalamu alaikum, 'yan uwa. 'Yata tana da wata 3, kuma tun da aka haife ta nono zalla take sha, kamar yadda aka koya mana a wajen awo. Yanzu da zafin bazara ya tsananta, Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta dage cewa ƙishirwa ce ke sa yarinyar kuka, kuma hana ta ruwa rashin tausayi ne. Ba na son in saɓa mata, domin ita ta tsaya mini a jego, amma hankalina bai kwanta ba. Ina neman shawararku.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ki tsaya a kan nono zalla har ta cika wata 6, wanda shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, ko a ƙasashe masu zafi irin namu. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma wanda ke fara zubowa idan jariri ya kama tsinkakke ne, shi ke kashe ƙishirwa, mai kaurin yana biyowa baya. Cikinta ƙarami ne, saboda haka ruwa zai cika shi ba tare da gina jiki ba, ta rage tsotso, nonon ya ja baya, ga kuma haɗarin gudawa idan ruwan ko mazubin ba su da tsabta. Ki yawaita ba ta nono dare da rana. Muddin tana fitsari mai haske sau 6 ko fiye a kwana guda, kuma nauyinta yana ƙaruwa a katin awo, to tana ƙoshi. Idan kuwa fitsarin ya ragu, maɗigarta ta faɗa, ko ta ƙi kama nono, ku garzaya asibiti nan take.

Wata uwa:
Ke ce ya kamata ki sha ruwa sosai, ki ajiye kofi kusa da ke duk lokacin da za ki shayar.

Wata dattijuwa:
'Yata, kada ki yi jayayya da Hajiya, ƙaunar jikarta ce ta sa take wannan magana. Ki fahimtar da maigidanki tukuna, domin maganar za ta fi shiga idan ta fito daga bakin ɗanta. Ranar rigakafi kuma ki roƙe ta cikin ladabi ta raka ki, a ɗora yarinyar a kan sikeli a gabanta, ta yi wa malaman asibiti tambayoyinta da kanta.