Zan bar okada na tafi haƙar kuza a Barikin Ladi, ya kuke gani?

Ɗan Agege: Salam jama'a. Tunda aka matsa wa 'yan okada a Legas kasuwa ta mutu, ɗan uwana yana ta kirana wai na taho Filato mu shiga haƙar kuza. Wanda ya san wajen don Allah ya zaman yake?

Mai dankali Mile 12: Wa alaikumus salam. Ƙanina ni can nake saro kaya, Bokkos da Mangu. Kuɗi akwai in ramin ya yi kyau amma fa ba kullum ba, sai ka yi wata kana haƙa ba ka ga komai ba, ga mai injin jan ruwa zai ɗauki kasonsa, dillali ya saya yadda ya ga dama. Kuma ramukan nan suna ruftawa da mutane musamman da damina. Sanyi kuwa ba a magana, ka tafi da bargo biyu.

Baba Idi-Araba: Yaro tun zamanin Turawa ake haƙar nan, farashi ya faɗi a 1985 kamfanoni suka watse suka bar kududdufai cike da ruwa, har yanzu shanu da yara na faɗawa. Gonaki da yawa sun lalace.

Ɗan Agege: To Baba noman fa?

Mai dankali Mile 12: Shi ne ma ya fi riƙe mutanen wajen, dankalin turawa, kabeji, karas. Sai dai taki ya yi tsada, ga matsalar tsaro a ƙauyuka, ka fara tambayar ɗan uwan naka wane ƙauye ne tukuna.