Wai Fijo 504 ce akwala?

Direban Balarabe: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau kwanana huɗu da dawowa Jidda daga Faris, maigidana ne ya tafi da ni in riƙe masa jaka. Ya kai ni baje kolin tsoffin motoci da ake kira Rétromobile, wanda suke yi duk farkon shekara tun 1976. Na ga Marsandi mai ƙofa kamar fiffiken tsuntsu, na ga motocin gwaji waɗanda ba a ƙera su don sayarwa ba, sai don a nuna wa duniya inda aka dosa. Amma abin da ya tsaya min a rai Peugeot 504 ce, irin akwalar da mahaifina ya yi haya da ita tsakanin Kano da Zariya. An kewaye ta da igiya, wani Bature na goge ta da tsumma kamar jaririya, ko taɓawa ba a yi. Mu tamu da tsoho ya rasu 'yan gwangwan muka kira suka auna ta a kilo. Tun shekaranjiya na turo hotuna 14 a zauren nan, ko mutum ɗaya bai ce uffan ba. Shi ya sa na ce mu Hausawa ba mu san darajar tsohon abu ba.

Kawu Makanike: Wa alaikumus salam. Ɗana, sannu da hanya, amma janye kalmar nan tukuna. Wace ce akwala?

Direban Balarabe: Kawu ai yabon ta nake yi.

Kawu Makanike: Ba a yabon mutum da zagi. Shekara 19 na yi a ƙarƙashin Fijo a Kaduna kafin in zo Sana'iyya, unguwar makanikai a nan Saudiyya. Motar da ta fito a 1968, shekara na zagayowa aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Motar da ta cinye tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna. Faransa ta daina yin ta, mu muka ci gaba har bayan shekarar 2000. Gwamna ya hau, kwamishina ya hau, ɗan kasuwa ya ɗora mata buhu goma ta haura da shi. Ita ce za ka buɗe baki ka ce wa akwala?

Ɗan Sharamansur: Kawu a yi haƙuri, amma duk motar da sai yaran unguwa sun taru sun tura ta da safe akwala ce, ko sarkin Faransa ne ya hau ta.

Kawu Makanike: Faransa ba ta da sarki. Fara da wannan.

Ɗan Sharamansur: Mafi mushkila. Ni dai Toyota Cressida na sani. Ta babanmu 'yar 1990 har yau tana zuwa Ɗa'if ta dawo, hawan dutsen Hada bai taɓa sa ta tafasa ba.

Kawu Makanike: A kan kwalta mai santsi kamar faranti? Kai da aka haifa a Makka, ka taɓa ganin hanyar ƙauye da damina? Kai Cressidar taka can ka ga inda salansa za ta kwana.

Ɗan Sharamansur: To ga shi an fara. Kullum sai an goranta mana haihuwar Makka, kamar mu muka zaɓa. Ku da kuka san hanyar ƙauye me ya hana ku zama a can?

Hajiya Mai Tuwo: Kai yaro, sa'an babanka ne fa. Ba a yi wa babba haka ko a waya. Ni dai a Fijo aka kai ni ɗakin miji, fara ƙal, mu bakwai a ciki har da mai guɗa, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Wanda ya ce mata akwala da ni yake.

Ɗan Sharamansur: Allah ya ba Kawu haƙuri. Amma mutum bakwai a mota ɗaya, Hajiya, da a nan ne da tuni an rubuta muku tara.

Direban Balarabe: Jama'a maganata fa a kan yadda muke watsar da kayan iyayenmu ce.

Ɗalibin Madina: Bari a gyara zance. Akwala ba shekaru ba ne, hali ne. Motar bara ma in ta sha jiki akwala ce. Su masu harkar tsoffin motoci suna da ma'auni: ƙungiyarsu ta duniya, FIVA, tana lissafa mota cikin kayan tarihi in ta kai shekara 30 kuma an adana ta yadda aka ƙera ta, ba wadda ake fita neman abinci da ita kullum ba. To a wannan ma'aunin, ta Faris kayan tarihi ce, ta tashar Zariya kuwa akwala ce, ko da rana ɗaya suka fito daga kamfani.

Kawu Makanike: Wato wadda ta yi zaman banza ita ce mai daraja, wadda ta ciyar da gida ita ce akwala. Wannan karatun a Madina aka koya maka?

Ɗalibin Madina: Kawu ba ni na kafa ba. Kuma kuɗi ma haka suke bi. A 2022 an sayar da wata Marsandi 300 SLR 'yar 1955 a kan Yuro miliyan 135, saboda guda biyu kacal aka yi irinta. Fijo 504 kuwa an yi fiye da miliyan 3.

Alhaji Na-Misfala: Miliyan 135? Ƙarya ce. Kawo hujja.

Ɗalibin Madina: Alhaji labari ne sananne, a gidan tarihin kamfanin da ke Stuttgart aka yi gwanjon.

Alhaji Na-Misfala: Ni ban gani ba. In ma gaskiya ne almubazzaranci ne, rijiya nawa kuɗin nan za su tona a gida?

Hajiya Mai Tuwo: Alhaji kai da ka canza mota sau biyu bana, rijiya nawa ka tona?

Alhaji Na-Misfala: Hajiya tsakanina da ke bashin tuwon Juma'a ne, kuma zan biya. Kar a haɗa.

Hajiya Mai Tuwo: Juma'a uku ne.

Ɗan Mai Wurno: Salam ya jama'a. Ku kuna ta Fijo da Cressida, ba ku san mota ba. Mu a Sudan Bedford ce, wadda muke kira Sifinja. Ingila ta daina yin ta tun tuni, maƙeranmu suna kwance ta, su ƙara mata tsawo da ƙarfi, ta ɗauki dawa da mutane da awaki ta ratsa rairayi. Ba wanda ya kewaye ta da igiya, aiki take yi. In ana maganar riƙe tsohon abu, a zo a koya wurinmu.

Ɗan Sharamansur: Babbar akwala ke nan.

Ɗan Mai Wurno: Ya zol, ka kiyaye ni.

Direban Balarabe: To ko motocin gwajin ba wanda zai tambaye ni? Akwai wadda na gani ko madubin gefe babu, kyamara ce a wurin.

Ɗalibin Madina: Wannan tsohuwar al'ada ce, tun Buick Y-Job ta 1938 kamfanoni ke yin mota guda don nuni. Peugeot da kanta a 2018 ta nuna e-Legend, mai lantarki, kuma siffar 504 ta ɗauko. Ba a taɓa sa ta a kasuwa ba.

Kawu Makanike: Kun ji ko? Da suka tashi zana motar gobe, wa suka koma suka kwaikwaya? Akwalar?

Ɗan Sharamansur: Motar gobe tana nan kusa da mu Kawu. Tun 2023 kamfanin Lucid ke haɗa mota mai lantarki a birnin Sarki Abdullah da ke hanyar Rabig, ga Ceer, kamfanin motar lantarki na Saudiyya, da aka kafa a 2022. Ƙasar da ko motar da ta haura shekara 5 ba ta bari a shigo da ita, me za ta yi da kafireto?

Kawu Makanike: A 2010 ma ina garin nan aka nuna motar Ghazal 1 da jami'ar Sarki Sa'ud ta ƙera, aka yi ta tafi. Ka taɓa yin arba da ita a danja? Ni wadda na taɓa da hannuna nake magana.

Alhaji Na-Misfala: A bar sa sunan hukuma a zauren nan don Allah, kowa da iƙamarsa a aljihu.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Na bi maganganun tun daga sama, ga abin da aka tsaya a kai. Kowa ya yarda Fijo ta yi zamaninta ta wuce, kuma ko Kawu bai musa cewa ana tura ta ba. An kuma tabbatar babu motar da ta kai Toyota juriya, shaidar Cressida ta isa, kuma ni da nake tashlihin Buraiman, inda ake kwance motoci a sayar da kayansu, na san kayan wace mota ake nema da wadda ba a tambaya. Maganar Bedford ba ta cikin muhawara. Direba kuma a rage turo hotuna da yawa, suna cinye wa mutane data. Mai neman giyabos na Camry ko Hilux ya same ni ta gefe.

Kawu Makanike: Yaushe na yarda? Nuna min inda na yarda.

Ɗan Mai Wurno: Shugaba ya yi talla ya kira shi hukunci.

Hajiya Mai Tuwo: Ni yanzu na buɗe hotunan. Direba, wannan ai ƙofa biyu gare ta. Ta ina fasinjan babanka suke shiga?

Kawu Makanike: Ƙofa biyu? Tsaya in duba. Kai ɗana, wannan ba irin tamu ba ce, a Italiya kamfanin Pininfarina ya yi bodinta. Ko a Kaduna ban taɓa kwance irinta ba.

Direban Balarabe: Amma 504 aka rubuta a jiki.

Ɗan Sharamansur: To ta Kadunan dai akwala ce ke nan.

Shugaban Zaure: Na rufe zaure sai bayan Isha'i.