Wace kalma za mu ba "rappel" da Hausa?

'Yan uwa, ga wata kalma da ta hana ni sakat. Masu hawan dogayen duwatsu, irin El Capitan na Amurka mai tsawon kusan mita 900, ba sa hawa a tashi ɗaya. Zango-zango suke yi, kowane zango gwargwadon tsawon igiya. Idan hadari ya taso ko dare ya yi musu a tsakiyar dutse, sai su haƙura su sauko ta igiya. Wannan saukar ce mutanen Amurka ke kira rappel, na Ingila kuma abseil.

Abseil daga Jamusanci take, ma'anarta sauka da igiya kawai. Rappel kuwa Faransanci ce, tana nufin kiranye. Dalili shi ne ana zura igiyar ne ta cikin zoben ƙarfe da ke kafe a dutse, a ninka ta biyu, mutum ya sauka a kan ninkin, in ya isa zango na ƙasa ya ja baki ɗaya, igiyar ta biyo shi. Ana danganta dabarar ga Jean Charlet-Straton, ɗan jagoran masu hawan dutse na garin Chamonix a Faransa, wanda ya fara hawa ƙololuwar dutsen Petit Dru a 1879.

Wani ɗan uwa ya kawo "saukar guga". Ta yi daɗin faɗa, amma Malam, guga wani ne ke zura shi daga bakin rijiya, kamar yadda ake zura mai yasa. A nan kuwa mai sauka shi ke riƙe da birkin kansa da hannunsa. "Sulalewa" da "zamewa" ban yarda da su ba, don duk wanda ya zame ba da son ransa ba ne. "Saukar kiranye" ta bi asali, sai dai 'yan siyasa sun riga mu kama kalmar.

Ni dai "saukar ninki" nake so, kuma ga hujjata. Ninkin nan shi ne abin da ke kashe mutane idan suka manta da shi. Igiya mai mita 60, da an ninka ta, mita 30 kaɗai za ta kai ka. Wanda bai ƙulle bakunan igiyar ba yana iya zurarewa har ta ƙare a hannunsa, ƙasa kuwa da sauran nisa. Haka Brad Gobright, gwani ɗan Amurka, ya rasu a El Potrero Chico ta Meziko a 2019, yana da shekara 31. Ina son sunan da duk wanda ya furta shi zai tuna igiyarsa rabi ce.

Wurin da ake ratsa igiyar mu ce masa turke, kowa ya san aikinsa. Saura wani ɗan ƙulli da Karl Prusik, mai hawan dutse ɗan ƙasar Austria, ya fito da shi a 1931, ƙullin da ke cafke igiya da kansa idan hannu ya saki. Na rubuta "ƙullin cafka". Masu dabbobi da masunta, ko kuna da sunan da ya fi wannan?