Gidan da ake noma kuma yaro ya kamu da tamowa, me ke jawo haka?

Maman Hanifa: Salam 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya. Ɗan ƙanwata shekara ɗaya da wata huɗu, an auna damtsensa a asibiti da abin awon nan mai kala uku ya faɗa ja, suka ce tamowa ce, alhali babansa manomi ne gero da dawa cike da rumbu, kullum ana dama masa kunu. To ta ina ta shigo?

Nas Bilki: Wa'alaikumussalam Maman Hanifa. Kunun nan ai shi ne matsalar, kamu ne da ruwa zalla, cikin yaro ɗan ƙarami ne sai ya cika tam amma babu abin gina jiki, daga wata shida yana buƙatar gyaɗa, waken suya, ƙwai, zogale, ɗan manja a abinci, kuma ya ci sau da yawa a rana. Sannan ki tambaye ta ko ya yi gudawa ko ƙyanda kwanan nan, domin yaro in yana zawo abin da ya ci ba ya zama, ya rame, ramar ta sa ya sake kamuwa da wata cutar, haka abin ke ta juyawa. Madarar gyaɗar nan ta masu tamowa da suka ba shi a asibiti magani ce, kar a raba da yayyensa.

Ɗan Maradi: Gaskiya ne malama. A 2005 mu nan Maradi da muke noma wa Nijar hatsi mu ne yaranmu suka cika cibiyoyin ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, talaka ya sayar da gero da kaka da araha saboda bashi, da damina ya dawo yana awo da tsada.

Baba Sani Gusau: Kar ku manta da rashin tsaro, a Zamfara da Katsina mutum nawa 'yan bindiga suka hana zuwa gona, ga tsadar kaya tun da aka cire tallafin mai a 2023, uwa ita kanta ba ta ƙoshi ba.

Maman Hanifa: Wlh Nas kin taɓo wurin, ya yi zawo wajen sati biyu, kuma ta yaye shi rana ɗaya aka kai shi gidan kaka saboda ta samu ciki.

Nas Bilki: Yayen farat ɗaya yana kayar da yara sosai, ciki ba ya ɓata nono 'yar uwa. Ta riƙa kai shi awo duk ranar da aka ba ta, in ƙafarsa ta kumbura ko ya ƙi cin madarar ku koma asibiti a ranar. Allah ya ba shi lafiya.